Tsohon Bodi da Baƙon Inji: Tarihin Sauya wa Mota Inji a Ƙasar Gumel

Sauya wa mota inji, wato a sauke injin da ta fito da shi daga kamfani a ɗora mata wani wanda ba dominta aka ƙera shi ba, aiki ne da ya daɗe da zama ruwan dare a garejojin ƙasar Gumel, masarautar da a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. A ƙasashen da ake ƙera motoci galibi ana ɗaukar mota abu guda ne mai ranar fitowa da ranar ƙarewa, ta yadda idan injinta ya mutu sai a miƙa ta ga masu narka ƙarfe, amma a wannan yanki direbobi da makanikai suna kallonta a matsayin abubuwa uku da aka ɗaura wa aure na ɗan lokaci, wato bodi da shasi da inji, kowanne da nasa tsawon kwana. Shasi shi ne dogon ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da nauyin motar baki ɗaya, kuma muddin bai karye ko ya tsage ba, ba a cewa mota ta mutu, sai dai a ce tana jiran inji. Tarihin sufuri da darajar kuɗin ƙasa da yanayin hanyoyin yankin su ne suka taru suka haifar da wannan fahimta.

Kafin zuwan mota, raƙumi da jaki da takarkari ne suke ɗaukar kayan fatauci tsakanin Gumel da Damagaram da Haɗeja da Kano, kuma ko bayan da Turawan Ingila suka shigar da masarautar ƙarƙashin mulkinsu a 1903, dabbobin ba su yi saurin rasa aikinsu ba. Jirgin ƙasa ne ya fara sauya al'amura, domin layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka miƙa reshensa zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, kuma ya ratsa ta Gagarawa. Tashoshin wannan layi suka zama wuraren awon gyaɗa da tara ta, sai buƙatar abin da zai kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa bakin dogo ta taso, buƙatar da manyan motoci suka soma biya sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin lura a nan shi ne yadda waɗannan motoci suke zuwa hannun mai saye. Bedford, wadda kamfanin Federated Motor Industries na rukunin UAC ya fara haɗawa a Apapa a 1959, akan saye ta ne da inji da shasi da ƙarfen gaba kawai, sannan kafinta ya gina mata bodin katako daidai da aikin da za ta yi. Mutumin da ya ga an ƙera rabin motarsa a gaban idonsa ba zai ɗauke ta wani abu mai tsarki da ba a taɓawa ba, kuma daga wannan zamani ne direbobin Arewa suka saba da cewa sassan mota suna rabuwa su sake haɗuwa.

Shekarun 1970 sun zo da abubuwa biyu masu karo da juna. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya cinikin da ke ciyar da jirgin ƙasa, yayin da kuɗin man fetur ya cika tituna da sababbin motoci. Gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes-Benz a Enugu, sai kuma Peugeot a Kaduna, wadda ta fara fitar da motoci a 1975, kuma ita ce ta fi kowacce shiga rayuwar mutanen Arewa. A wancan lokaci ba kasafai ake sauya inji ɗungurugum ba, saboda sababbin kayan gyara na kamfani suna nan a kanti kuma kuɗinsu bai fi ƙarfin direba ba. Idan inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, sai bakanike ya buɗe shi ya sa sababbin ringi, wato zobban ƙarfen da ke zagaye da fistin domin hana mai da iska tsallakewa, ya kai kiranshaf wajen masu injin gogewa a daidaita shi, ya mayar. Injin Peugeot ya ƙara sauƙaƙa wannan aiki, domin bututun da fistin ke kai-komo a cikinsa ba a haɗe yake da gangar injin ba, ana zare shi a cusa sabo, sai injin ya dawo kusan yadda ya fito.

Wannan zamani ya ƙare a watan Satumba na 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin ƙasashen waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Nairar da a 1985 ta ɗan fi dalar Amurka daraja a farashin hukuma, a 1987 sai an ba da kusan 4 kafin a sami dala ɗaya, kuma zuwa 1993 an kai wajen 22. Masana'antun da ke shigo da sassan mota cikin akwatuna su haɗa a nan gida suka wayi gari farashin motocinsu ya fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, sai kasuwa ta juya ga tsofaffin motocin Turai, waɗanda Yarabawa ke kira tokumbo, Hausawa kuma suke ce musu 'yan Beljiyam saboda da yawansu daga tashar ruwa ta Antwerp ake lodinsu, ko 'yan Kwatano saboda tashar da ake sauke su a Jamhuriyar Benin. Tare da motocin sai ga injuna tsirara cikin kwantena, waɗanda aka ciro daga motocin da suka yi haɗari ko suka faɗi gwajin lafiya a Turai da Japan. Kasuwar Ladipo a Legas da ta Nnewi a ƙasar Ibo suka zama manyan rumbunan wannan haja, a Kano kuwa Ƙofar Ruwa ce madogarar makanikan Gumel da maƙwabtansu. Lissafin direba ya sauya tun daga nan: buɗe inji yana cin makonni, kayan da za a sa masa kuma an fara cakuɗa na gaske da jabu, alhali injin Beljiyam wanda ba a taɓa kwance shi ba ana iya ɗora shi cikin 'yan kwanaki motar ta koma tasha.

Ɗora babban inji a kan ƙaramin jiki ba a Afirka aka fara shi ba, kuma kwatanta abin da ya faru a Amurka yana fito da manufar makanikan Gumel fili. A 1964 injiniyoyin Pontiac, cikinsu har da John DeLorean, suka ɗauko injin silinda takwas mai girman lita 6.4 daga manyan motocin kamfanin suka sa wa matsakaiciyar motarsu Tempest, duk da cewa dokar cikin gida ta General Motors ta iyakance irin wannan mota ga injin da bai wuce kimanin lita 5.4 ba, suka zagaye dokar ta hanyar sayar da babban injin a matsayin ƙarin zaɓi mai suna GTO, kuma a shekarar farko aka sayar da fiye da 32,000. Daga nan aka shiga zamanin motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji, irin su Dodge Charger da Plymouth Road Runner, zamanin da bai yi tsawo ba, domin dokar tsabtace iska ta 1970 da tsadar inshora da takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 sun tilasta wa kamfanoni rage ƙarfin injunansu. Shi ya sa har yau masu sha'awar waɗannan motoci suke farautar manyan injunan shekarun 1960 su ɗora wa jikin da ya fito da ƙarami. Aikin hannun iri ɗaya ne da wanda ake yi a bakin tashar Gumel, amma Ba'amurke gudu da ƙara da tunawa da ƙuruciya yake nema a motar da yake fitarwa ranar hutu, shi kuwa direban Sule Tankarkar ƙarfin ja yake so, wato ƙarfin da zai tayar da mota daga tsaye tana danƙare da kaya ƙafafunta na cikin rairayi.

Dalilin wannan buƙata yana bayyana ga duk wanda ya san kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Tireloli ne ke kwashe shanu zuwa kudancin Najeriya a kan kwalta, amma kafin kaya su iso bakin tirela sai ƙananan motoci sun tattaro su daga ƙauyukan ɓangarorin biyu na iyaka, tumaki da awaki da buhunan gero da wake da riɗi da zoɓo, a kan hanyoyin da da rani rairayi ke riƙe taya, da damina kuma ruwa ke yanke su. Motar da ta yi suna a wannan aiki ita ce a-kori-kura ta Peugeot, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, da farko samfurin 404, daga baya 504. Girman inji ana auna shi ne da yawan iskar da silindoginsa ke iya zuƙa idan kowannensu ya zuƙa sau ɗaya, kuma 404 ta fito a 1960 da inji mai cc 1,618, yayin da 504 ta ɗaukar mutane, wadda ta fito a 1968, ta samu mai cc 1,971 daga 1970. Da kamfanin ya fitar da a-kori-kurar 504 a 1979, ƙaramin injin nan na 404 ya fara sa mata. To, injunan biyu 'yan gida ɗaya ne, dukansu masu silinda huɗu ne, dukansu a kishingiɗe suke zaune cikin mota, kuma wuraren ɗaurinsu ba su yi nisa da juna ba. Bakanike bai buƙaci littafin kamfani ba kafin ya gane cewa injin motar shiga zai zauna a cikin motar kaya, ya ƙara mata fiye da kashi 20 cikin ɗari na girma ba tare da an yanka ƙarfe mai yawa ba.

Aikin yana farawa ne tun a kasuwa, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Mai mota ba ya zuwa sayen inji shi kaɗai, da bakanikensa yake tafiya, shi kuma sai ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ko akwai dasƙararren datti, ya kwance fulogogi ya duba launin bakinsu, ya lura da kan notoci ko sifana ta taɓa cizonsu, domin inji da aka buɗe aka rufe aka wanke da fetur ba ya cikin abin da ake kira Beljiyam ko da mai kanti ya rantse. Sau da yawa akan tayar da injin a ƙasa, a kan tsohuwar taya, da batir da gorar fetur, babu salansa, a saurari ko akwai ƙwanƙwasa a cikinsa, a kuma yi sharaɗin 'yan kwanakin gwaji kafin ciniki ya faɗa. A gareji kuwa yara masu koyon aiki su ne ke kwance wayoyi da bututai, sannan a rataya sarƙar ɗagawa a kan ƙarafa uku da aka kafa ko a reshen darbejiya mai ƙwari, a zaro tsohon inji, a sauko da baƙon sannu a hankali, ogan yana tsugune yana duban inda zai zauna. Wurare biyu ne ke yanke hukunci. Na farko kujerun inji, wato ƙarafa da robobin da ke ɗaure shi da shasi suna shanye girgizarsa, waɗanda idan ba su dace ba sai mai walda ya yanka ya matsar. Na biyu bakin giyabos, inda dole ramukan notoci su yi daidai kuma sandar giya ta shiga tsakiyar kuloci ba tare da karkata ba, domin karkatar da ido ba ya gani ita ce ke cinye faifan kuloci cikin 'yan watanni, direba ya yi ta zargin mai sayar da kaya alhali laifin na ranar ɗauri ne.

Inda wannan sana'a take da rauni shi ne abin da ke biyo bayan an tayar da motar an ji ta yi ƙara mai daɗi. Babban inji ya fi ƙarami fitar da zafi, a yankin da zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, don haka lagireto, wato tankin da ke sanyaya ruwan inji, yana buƙatar a sa wanda ya fi na asali kauri. Maimakon haka al'adar da ta yaɗu a garejojin Najeriya ita ce a cire ɗan maƙunshin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, dabarar da ke kwantar wa direba hankali amma take sa inji ya daɗe yana aiki cikin sanyin da ba ya so, musamman da asubahin hunturu. Ƙarin ƙarfi kuma yana jawo ƙarin lodi, sai a ƙara wa sifirin na baya ganyen ƙarfe domin motar ta daina durƙushewa, a ɗaga bodin da ƙarafa domin buhuna su hau sama. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne birki, wanda aka ƙera domin tsayar da nauyin da kamfani ya ƙayyade. Gaskiyar magana, makanikan yankin sun nuna basira mai yawa wajen sa mota ta tashi da kaya, amma ba su ba tsayar da ita rabin wannan kulawa ba, kuma laifin bai tsaya a kansu kaɗai ba, tun da mai mota da ya ƙarar da kuɗinsa a kan inji ba ya son jin wani sabon lissafi.

Wani abu da ke ba baƙo mamaki shi ne yadda ake fifita tsohon samfurin inji a kan sabo, har a sauke na zamani a ɗora wanda ya girme shi. Tsofaffin injunan fetur da kafireto suke aiki, wato wata na'urar ƙarfe da ke gauraya mai da iska ba tare da lantarki ba, wadda bakanike zai iya kwancewa a gindin bishiya ya busa ƙofofinta ya mayar. Daga farkon shekarun 1990 dokokin hayaƙi na Tarayyar Turai suka sa kusan duk sabuwar motar fetur ta koma amfani da injekta, inda wata ƙaramar kwamfuta da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota take auna man da za a fesa bisa saƙon da take samu daga na'urorin ji da ke jikin inji da salansa. Da waɗannan motoci suka tsufa suka iso Najeriya, sai suka tarar da fetur mai ɗauke da dalma, wanda ba a daina sayarwa ba sai farkon shekarun 2000, kuma dalma tana kashe na'urar da ke salansa. Suka tarar da ƙurar hunturu da man bumburutu na cikin galan, suka kuma tarar da garejojin da ba su da abin karanta laifin kwamfuta. Saboda haka mayar da injekta kafireto ya zama reshe mai zaman kansa a cikin sana'ar, musamman ga motocin haya irin su Volkswagen Golf da suka cika hanyar Kano zuwa Gumel ta Gujungu. Shan mai ya ƙaru, ƙarfi ya ɗan ragu, amma motar da ta mutu a dajin Gagarawa ana iya tashinta da sukuddireba. Ba a Najeriya kaɗai ake wannan tunani ba: masanan halayyar al'umma Jojada Verrips da Birgit Meyer sun rubuta tarihin wata Peugeot 504 ta haya a Ghana da yadda makanikai suka yi ta sake mata halitta, Kurt Beck kuma ya yi nazarin yadda maƙeran Sudan suka mayar da Bedford wata mota dabam mai ɗaukar ninkin kayanta.

Abin da ya sa shan mai bai dami kowa ba tsawon shekaru shi ne tallafin gwamnati, wanda ya sa fetur a Najeriya ya fi na Nijar araha nesa ba kusa ba, har ya zama haja a kan iyaka. Siyasar iyakar kuwa ta sha taɓa gareji kai tsaye. An hana shigo da motoci ta kan tudu daga 1 ga Janairu 2017, an rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, a Nuwamba na shekarar kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya shafi Maigatari sosai. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a 16 ga Disamba 2020, sai aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi direba ba ya iya sayen inji, sai a koma faci. Gas, wato man dizal, da farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a 2022, ya rage sha'awar ɗora injin dizal a ƙananan motoci, sannan cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 ya sa a karon farko mai mota ya fara tambayar lita nawa baƙon injin zai sha kafin ya tambayi buhu nawa zai ja. Akwai kuma batun takardu, domin lambar inji tana cikin abin da ake rubutawa a takardun mota tare da lambar shasi, shi ya sa direba mai hankali yake adana rasiɗin injin da ya saya saboda ranar da jami'an duba motoci ko 'yan sanda za su buɗe murfin gaba.

A yau rijiyar da sana'ar ta daɗe tana ɗiba ta fara ƙafewa ta ɓangaren Peugeot. Masana'antar Kaduna ta daina haɗa 504 wajen tsakiyar shekarun 2000, Turai kuma ta riga ta narke mafi yawan motocin wancan zamani, don haka injin 504 da ake samu a kasuwa galibi na gida ne, wanda ya riga ya yi aiki a hannun direbobi biyu ko uku. Motocin Japan, Toyota da Nissan da Mitsubishi Canter, sun karɓe babban kaso na ɗaukar kaya zuwa kasuwanni, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna biyan kuɗin da ke sa mai tsohon shasi ya yi tunani sau biyu kafin ya ci gaba da ajiye shi. Wanda ya nace sai a-kori-kurarsa ta ci gaba da aiki yana da zaɓi biyu, ko ya koma tsohuwar hanyar buɗe inji da sa ringi da kayan da ake shigowa da su daga Asiya, ko ya ɗora mata injin wani kamfani dabam. Zaɓi na biyu ya fi wuya nesa da abin da aka saba, domin injin Japan a miƙe yake zaune ba a kishingiɗe ba, ramukan notocinsa ba su san giyabos ɗin Faransa ba, don haka ko dai a sayo shi tare da nasa giyabos a yanke farfela a daidaita tsawonta, ko a kai awo wajen masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano su huda faranti mai kauri da zai shiga tsakanin biyun.